Yaya zan naɗi muryata da ta NVDA a lokaci guda, kowacce ta fito tas?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar naɗar darasi su taimaka min.

Ni makauniya ce, da NVDA, manhajar da ke karanta min allo da murya, nake aiki a kan Windows 11. Akwai ƙannena masu lalurar gani da suka fara koyon kwamfuta, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne kullum: yaya ake ajiye takarda a Word, yaya ake maƙala fayil a imel, yaya ake tsallake tarkacen shafin intanet a kai ga ainihin rubutun. Bayani a rubuce bai wadatar da su ba. Idan na rubuta musu "danna Control da S", suna dannawa sai NVDA ya kwararo musu magana da Turanci, su rasa ko daidai suke ko sun ɓata hanya. Shi ya sa nake so in naɗi darasin yadda mai sauraro zai ji na faɗi maɓallin, ya ji na danna, sannan ya ji abin da NVDA ya amsa, ya gwada da abin da tasa kwamfutar ta faɗa masa.

Ga inda na tsaya. Da farko na bar NVDA yana magana ta lasifikar laftof, na ajiye makirufo a gabana, na naɗa da Audacity, manhajar naɗa da tace sauti. Muryata ta fito, amma NVDA kamar daga cikin rijiya yake magana, ga amsa-kuwwar ɗaki, ga ƙugin fankar kwamfuta. Da na ƙara masa murya sai ya danne tawa. Yarinyar da na tura wa ta ce ta ji duk abin da na faɗa, amma ko kalma ɗaya ta NVDA ba ta kama ba, alhali maganarsa ita ce rabin darasin.

Sai na mayar da Host na Audacity zuwa Windows WASAPI, na zaɓi na'urar da ke da loopback a ƙarshen sunanta, wadda ke ɗaukar sautin da kwamfutar kanta ke fitarwa. Nan NVDA ya fito tas, babu ko ɗigon hayaniya. To amma muryata babu ita sam, tunda Audacity na'ura ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Wani ya ce in shiga saitin sauti na Windows in kunna Listen to this device a kan makirufon, don muryata ta biyo ta hedifon ta haɗu da NVDA. Ta haɗu kuwa, amma a makare nake jin kaina. Kalmar da na riga na furta sai ta dawo min a kunne bayan na shiga ta gaba, har harshena ya riƙa sarƙewa. Ga shi duk sun cakuɗe a layi ɗaya. Na yi tari daidai lokacin da NVDA ke karanta sunan wani akwati, babu yadda zan cire tarin ba tare da sunan ya tafi ba.

Kayan da nake da su: laftof, makirufo na USB, hedifon mai waya, da iyafis na Bluetooth. Ba bidiyo nake so ba, murya kawai, don ta yi sauƙin turawa. Kuma don Allah duk hanyar da za a ba ni ta zama wadda zan iya saitawa da kibod ni kaɗai. An taɓa sa min wata manhajar haɗa sauti, duk fuskarta zane ce, NVDA bai karanta min komai a kanta ba, sai da na nemi mai gani ya zauna kusa da ni. Ba na so darasin da zan koya wa wasu dogaro da kai ya zama ni kaina sai an riƙe min hannu kafin in naɗe shi.

Tsohon Ɗan Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki lada a kan wannan niyya. Kin riga kin gano ciwon da kanki, sauran magani.

Abu biyu ne ba na sassautawa a kansu. Muryar mai karanta allo kada ta bi ta iska kafin ta shiga naɗin; ta waya za ta bi, ko ta cikin kwamfutar. Sannan muryarki da tasa kowacce ta zauna a layinta har sai kin gama tacewa. Duk hanyar da ta cika waɗannan biyun, ki ɗauke ta.

Ni hanyar ƙarfe na saba da ita, domin abin da hannuna zai taɓa ya murɗa ya fi min kwanciyar hankali. Ina da ƙaramin akwatin sauti na USB mai ƙofa biyu. Makirufo yana ƙofa ta ɗaya. NVDA kuma na tura shi ya fita ta ramin hedifon na laftof, na ja waya daga nan zuwa ƙofa ta biyu. A sababbin NVDA, ki danna maɓallin NVDA (Insert ko Caps Lock) da Control da U, zai kai ki saitin Audio, a nan ake zaɓen na'urar da zai yi magana ta cikinta; a tsofaffi kuwa yana cikin akwatin zaɓen murya, NVDA da Control da S. Hedifon ɗina a jikin akwatin yake, na kunna maɓallin Direct Monitor, saboda haka ina jin kaina da NVDA nan take, babu wannan makarar da ke sarƙe miki harshe, don sautin bai shiga kwamfuta ya zagayo ba. A Audacity sai in zaɓi akwatin, in ɗauki tashoshi biyu. Idan na gama, in tsaya a kan layin in danna Shift da M, in zaɓi Split Stereo to Mono. Shi ke nan, layi biyu: ni a sama, NVDA a ƙasa. Mai miksa, wato na'urar haɗa sauti, ma haka zai yi, ya murɗa makirufo can hagu, kwamfuta can dama, ya raba daga baya.

Akwai tarko a wajen wayar, kuma ya kama mutane da yawa. Ramin hedifon sitiriyo ne, hagu da dama. Ƙofar akwatin kuwa sauti ɗaya take jira, kuma an ƙera ta ne ta debe abin da ya zo ta wani zaren daga abin da ya zo ta ɗayan. Idan kika haɗa su da waya mai zobe biyu a kowane kai, tunda muryar NVDA iri ɗaya ce a hagu da dama, sai ta kashe kanta, ki ji ta can ƙasa-ƙasa ko ki rasa ta gaba ɗaya. Wayar da ake so ita ce mai ƙaramin kai ɗaya da ya rabu zuwa manyan kawuna biyu. Ki cusa ɗaya, ki bar ɗayan yana lilo.

Kafin ki taɓa inda NVDA ke fita, ki haddace hanyar dawowa, don idan kika tura shi inda ba kya ji, kin zauna cikin shiru. NVDA da Control da R sau ɗaya yana mayar da saitin da kika ajiye na ƙarshe. Sau ɗaya fa, domin sau uku a jere yana mayar da komai yadda ya zo sabo. Idan abin ya ƙi, Control da Windows da Enter yana tayar da Narrator, mai karanta allo na Windows, ya fitar da ke.

Ga kuma yadda makaho zai auna ƙarfin sauti ba tare da kallon allura ba. Ki naɗi gwaji na ɗan lokaci da muryar da za ki yi darasin da ita, ki zaɓe shi duka, ki buɗe Amplify a Audacity. Lambar da ya fara nuna miki ita ce tazarar da ke tsakanin inda kika fi ɗaga murya da inda sauti ke fara fashewa. Idan ta faɗa tsakanin 6 da 12, kina daidai. Idan ta kusa 0, ki rage. Idan ta haura 20, ki matso ko ki ƙara. Sai ki danna Escape, kada ki amince masa. Makirufon kuma tazarar tafin hannu daga bakinki, ɗan gefe kaɗan, don iskar "f" da "b" kada ta riƙa dukansa.

Sai dai gaskiya, makirufonki na USB ba zai shiga akwatin nan ba, sai mai kan XLR, babban kan nan mai ƙafa uku. Idan ba ki shirya ƙara kaya ba, bari masu manhaja su zo.

Malamar Kwamfuta ta rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya a kan raba layi, amma ƙanwata ba sai kin ƙara ko allura ba. Da kayan da kika lissafa aikin zai yi. OBS Studio za ki sauke, kyauta ne. An san shi da bidiyo, amma abin da ya sa nake amfani da shi shi ne yana ɗaukar sautin kwamfuta da na makirufo a lokaci guda, kuma yana iya ajiye har layi 6 daban-daban a fayil ɗaya. Ni ma da NVDA nake saita shi, sai dai a yi haƙuri da yawan danna Tab.

Ki shiga Settings, ki sauka Audio. A Desktop Audio ki zaɓi hedifon ɗinki, a Mic/Auxiliary Audio ki zaɓi makirufon USB da sunansa, kada ki bar ko ɗaya a kan Default. Sai Output: ki mayar da Output Mode zuwa Advanced, a shafin Recording ki sa alama a layi na 1 da na 2, nau'in fayil kuma ki zaɓi mkv, domin ko kwamfuta ta mutu a tsakiyar darasi abin da aka riga aka naɗa yana nan. A shafin Audio na wannan wurin ki ɗaga ingancin kowane layi daga 160 zuwa 320, tunda za ki sake tacewa.

Wurin da ya fi cin rai shi ne Advanced Audio Properties, a ƙarƙashin Edit. Kowane sauti yana da akwatuna shida a gabansa, kuma duk a cike suke zuwa. Makirufo ki bar masa na 1 kawai, Desktop Audio ki bar masa na 2 kawai, sauran ki cire alamar. Ki bi a hankali ki saurari abin da NVDA ke faɗa a kan kowanne. Sau ɗaya ake yi, yana riƙewa. Daga nan ki je Hotkeys ki ba Start Recording da Stop Recording maɓallan da babu mai amfani da su, don ki fara naɗi kina cikin Word, ba sai darasin ya buɗe da NVDA yana karanta tagar OBS ba. Idan OBS ya yi miki ƙorafin babu hoto, baƙin allo zai ɗauka, ki ce masa kin yarda.

Jin kanki a hedifon kuma ki manta da shi. Ki kashe Listen to this device ɗin nan. Ki zame kunne ɗaya na hedifon, ko ki bar muryarki ta iso miki yadda ta saba. Idan makirufonki yana da ramin hedifon a jikinsa, wannan ba ya makara, kina iya amfani da shi.

Don Audacity ya buɗe mkv sai kin sa masa wata ƙarin manhaja mai suna FFmpeg. Da zarar ya samu, idan kika shigo da fayil ɗin zai tambaye ki layukan da kike so, ki zaɓi duka biyun. Abu ɗaya da zan roƙe ki: kafin ki yanke komai ki kunna Sync-Lock a ƙarƙashin Tracks. In ba haka ba, kina yanke daƙiƙa biyu a layinki, NVDA zai riƙa makara da daƙiƙa biyu wajen amsa miki har ƙarshen darasin. Tari kuma ba a yanke shi. Ki zaɓi wurin a layinki kaɗai ki danna Control da L, ya zama shiru, tsawon bai canza ba, sunan akwatin yana nan lafiya a layin ƙasa. Noise Reduction ma layinki kawai za ki yi wa. NVDA bai da hayaniyar da za a cire, idan aka yi masa sai dai a lalata shi.

Kuma ki tuna Desktop Audio ba ya zaɓe. Duk saƙon da ya faɗo, NVDA zai karanta sunan mai shi da farkon maganarsa a cikin naɗinki. Ki kunna Do not disturb, ki rufe WhatsApp da imel ɗinki na gaske, ki buɗe wani asusun daban na darasi kawai. Darasin maƙala fayil musamman, domin akwatin zaɓen fayil yana tona sunayen takardunki ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Waya ya rubuta:

Yayata, ni a waya nake nawa darussan, bari in ƙara ko da wata rana za ki shigo ɓangarenmu.

A iPhone abin da sauƙi. Tun iOS 11 akwai Screen Recording a Control Center. Ki tsaya a kansa, ki taɓa sau biyu ki riƙe, za ki ga wajen kunna makirufo. Yana ƙirga uku ya fara, kuma VoiceOver, mai karanta allo na iPhone, yana shiga. Ki sa iyafis mai waya don kada makirufon ya sake ɗauko VoiceOver daga lasifika ya zama biyu. Illarsa dai a haɗe suke fitowa, abin da su Baba suka hana.

Android ne ke da wuyar sha'ani. Tun Android 11 akwai mai naɗar allo a jikin wayar, har da zaɓin sautin waya da makirufo tare. Amma ƙofar da Android 10 ya buɗe don ɗaukar sautin ciki ta waƙa ce da bidiyo da wasanni, TalkBack kuwa, mai karanta allo na Android, ta wata hanya daban yake bi, shi ya sa ma yake da nasa ma'aunin ƙarar. Sai mutum ya gama darasi ya kunna, ya ji muryarsa kaɗai tana cewa "kun ji abin da ya ce", alhali babu abin da aka ji. Kowa ya gwada wayarsa na minti ɗaya kafin ya zuba dogon bayani. Ni dai hanyar Baba na koma: waya daga ramin hedifon zuwa ƙofa ta biyu. Idan kika ji wani zuuu a ƙasan sautin, ki cire cajar wayar, yawanci daga nan ne.

Mai Neman Sani ta rubuta:

Alhamdu lillahi. Baba, Yaya, ƙanena, Allah ya saka muku da alheri. Hanyar OBS na bi, kuma da na buɗe fayil ɗin a Audacity na tarar da layi biyu, na yi shiru da na sama na ji NVDA shi kaɗai, na yi shiru da na ƙasa na ji ni kaɗai, sai da na ji daɗi har cikin raina. Amplify ya ba ni 9 a layina.

Saura abu uku. Na ɗaya, da na gwada da iyafis na Bluetooth, ana fara naɗi sai muryar NVDA ta shaƙe, ta koma irin ta kiran waya. Da hedifon mai waya ba ta yi haka. Na biyu, a layina ina jin NVDA can ƙasa-ƙasa, kuma idan na haɗa layukan sai ya yi wata 'yar amsa-kuwwa.

Na uku ya fi damuna. Na tura wa yarinyar nan darasin ajiye takarda, minti 8. Ta ce yanzu sautin ya fita, amma NVDA ɗina yana gudu, ba ta kama komai. Ni da muryar eSpeak nake aiki, gudun yana sama sosai, kuma kunnena ya saba har ba na jin yana sauri. Ta kuma ce a wani wuri nawa ya faɗi abin da nata bai faɗa ba, sai ta ɗauka ta ɓata, ta rufe komai ta sake daga farko. Wannan ya taɓa ni, domin tsoron da nake so in cire mata shi na ƙara mata.

Malamar Kwamfuta ta rubuta:

Na Bluetooth ɗin ba daga OBS ba ne. Iyafis irin wannan hanya biyu gare shi: ta sauraro mai inganci, da ta kira wadda ke buɗe makirufonsa ta matse sautin. Duk manhajar da ta taɓa makirufon jikinsa, sai ya faɗa ta biyun. Ki duba ko ya zama Default a Windows, ko yana cikin ɗaya daga guraben Mic na OBS. Amma ni shawarata ki ajiye shi gefe lokacin naɗi, tunda ko ya yi daidai yana makara.

Maganar yarinyar kuwa, ƙanwata, ita ce ainihin aikin, kuma na ji daɗi da ta faɗa miki gaskiya. NVDA ɗin da kike aiki da shi kullum ba shi ne na darasi ba. Kin yi shekaru kina gyara shi daidai kunnenki, ita kuma nata yana nan yadda ya zo. Ki danna NVDA da Control da P ki buɗe sabon tsari, ki sa masa suna darasi, ki riƙa kunna shi da hannu idan za ki naɗa. A cikinsa ki cire Rate boost, ki sauke gudun har sai ke kin ji ya yi miki nawa ƙwarai. Ni wajen 35 zuwa 40 nake barinsa. Yawan alamomin rubutu da yake karantawa, da abin da yake faɗa game da tsarin takarda, duk ki mayar da su yadda sabon NVDA yake. Abin da naki ya faɗa nata bai faɗa ba, ina kyautata zaton daga ƙarin manhajojin da kika ɗora masa ne. Ki danna NVDA da Q, a cikin zaɓin akwai sake tashi ba tare da su ba. Murya kuma ki koma Windows OneCore, ita sabon NVDA ke tashi da ita a Windows 10 da 11, ita kunnenta ya sani.

A farkon kowane darasi ki faɗi Windows ɗin da kike kai, da NVDA na wace shekara, da tsarin kibod, na tebur ko na laftof. Karanta duka a na tebur NVDA da kibiyar ƙasa ne, a na laftof NVDA da A. Idan ba ki faɗa ba, rabin ɗalibanki za su danna su ji wani abu daban.

Sai ladabin magana da shi. Ki faɗi maɓallin, ki ɗan tsaya, ki danna, ki yi shiru har ya kai aya. Hannunmu ya saba da dukan Control don katse shi da zarar mun ji kalmar farko, to a darasi ki ɗaure wannan hannun, musamman karon farko da akwati ya buɗe. Bayan ya gama sai ki tsamo mata abin da ya dame ta a cikin doguwar maganar: "kin ji ya ce File name, edit, to nan za ki rubuta sunan." Idan kwamfutar ta ɗauki daƙiƙa huɗu kafin akwatin ya buɗe, kada ki yanke shirun duka a wajen tacewa, ki ce mata a nan ana ɗan jira. Idan kuma wani abu ya faɗo da ba ki zata ba, ki bar shi a ciki ki nuna yadda kika fita, da NVDA da T kika ji taken tagar, da Escape kika koma. Ita ma zai faɗo mata ranar da ba kya kusa. NVDA da 4 yana sa shi ya riƙa faɗin maɓallan umarni da kika danna. Wasu suna so, ni yana cika min darasi da surutu, na fi so in faɗa da bakina.

Tsohon Ɗan Rediyo ya rubuta:

Malama ta gama magana, sai dai wuri ɗaya da na saɓa mata. Kalmomin su zama iri ɗaya da na ɗaliba, wannan haka ne. Amma muryar, ni na fi so ta bambanta. Yarinyar nan tana sauraron darasi a kunne ɗaya, kwamfutarta tana magana a ɗayan. Idan murya ɗaya ce sak, za ta rasa wane ne ya yi magana, naki ko nata. OneCore yana da murya fiye da ɗaya. Idan nata namiji ne ki ɗauki ta mace, ki kuma sanar da ita tun farko. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ki tambaye ta wanne ya fi mata.

NVDA da kike ji a layinki daga hedifon yake tsiyayowa ya shiga makirufo. Ki rage ƙarar hedifon, kuma idan za ki zame kunne ɗaya, ki manna shi a bayan kunnenki ya toshe, kada ya fuskanci makirufon. Wanda ya riga ya shiga, tunda ba kya magana lokacin da yake magana, Control da L a waɗannan wuraren ya wadatar.

Wajen fitarwa, ki yi wa kowane layi Loudness Normalization shi kaɗai, lamba ɗaya, sannan ki sauke NVDA da kamar 2 ko 3 dB, domin muryar inji ba ta numfashi, tana gajiyar da kunne fiye da ta mutum ko da ma'auni ya ce daidai suke. Kada ki bar ke a hagu shi a dama, mai iyafis ɗaya zai rasa ɗayanku. Ki haɗe su tsakiya, ki fitar da MP3 mono a 64 kbps. Minti ɗaya bai kai rabin MB ba, darasinki na minti 8 bai kai MB 4 ba. Ki ajiye aikin Audacity mai layi biyun a gefe, saboda ranar da Word ya canza wani akwati, wannan gaɓar kaɗai za ki sake naɗa ki dasa.

Mai Neman Sani ta rubuta:

Na tambaye ta, Baba. Ta ce muryar daban ta fi so, kuma in riƙa cewa "tsayar da darasin nan ki gwada" bayan kowane mataki, don ta san lokacin da za ta sa hannu. Na buɗe tsarin darasi, gudun yana 38, na sake naɗa na ajiye takarda ya koma minti 13. Ta bi shi har ƙarshe, ta turo min takardar da ta ajiye da kanta. Gobe in sha Allahu zan yi na maƙala fayil, da sabon asusun da Yaya ta ce.